Robbie Robertson: Waiwaye Kan Makaɗin Mohawk da Ya Daɗe Yana Magana da Bakin Wasu

A tarihin kiɗan zamani na Arewacin Amurka akwai makaɗa da dama da suka fito daga tsatson 'yan asalin nahiyar, wato al'ummun da Turawa suka tarar a can suka laƙaba musu sunan Indiyawa, amma har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 yawancin masu sauraro ba su san asalin waɗannan makaɗa ba, domin su kansu makaɗan an rene su a kan kame baki game da batun. Robbie Robertson, makaɗin jita kuma marubucin waƙa, wanda aka haifa a birnin Toronto na ƙasar Kanada ranar 5 ga Yuli 1943, ya kuma rasu a Los Angeles ranar 9 ga Agusta 2023, yana cikin waɗanda rayuwarsu ta fi nuna yadda wannan kame baki ya samo asali da yadda ya kau daga baya. Ya shafe kusan shekara 25 na farkon sana'arsa yana rubuta waƙoƙi kan al'ummun da aka ci da yaƙi ko aka kora daga gidajensu ba tare da ya ambaci al'ummar mahaifiyarsa ba, sa'annan ya shafe sauran shekarunsa yana matsowa kusa da labarin nasa, har aikinsa na ƙarshe ya kasance a kan zaluncin da aka yi wa 'yan asalin ƙasa.

Mahaifiyarsa, Rosemarie Dolly Chrysler, jinin Mohawk ce da Kayuga, kuma waɗannan biyu suna cikin al'ummu shida da suka haɗu a ƙawancen da ake kira Haudenosaunee, ma'ana mutanen dogon zaure, saboda dogayen gidajen katako da ɓawon itace da iyalai da yawa kan zauna a ciki. Sauran su ne Onaida da Onondaga da Seneka, sai Tuskarora da suka shigo daga baya wajen 1722. Mohawk, waɗanda ke kiran kansu mutanen ƙanƙarar dutse, su ne ke zaune a iyakar gabas ta ƙawancen, a kwarin kogin da ke ɗauke da sunansu cikin jihar Niyok ta yanzu, shi ya sa aka ba su matsayin masu tsaron ƙofar gabas. Lokacin yaƙin neman 'yancin kan Amurka mafi yawan Mohawk sun goyi bayan Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Joseph Brant, amma yarjejeniyar Faris ta 1783 da ta kawo ƙarshen yaƙin ko sunansu ba ta ambata ba, ta miƙa ƙasarsu ga sabuwar gwamnatin Amurka. Don biyan wannan hasara gwamnan Birtaniya Frederick Haldimand ya fitar da sanarwa a watan Oktoba 1784 wadda ta ba su fili mai faɗin mil shida a kowane gefe na Kogin Grand, daga mafarinsa har mashigarsa, kimanin eka 950,000. Abin da ya saura a hannunsu a yau bai wuce kashi biyar cikin ɗari na wannan ba, kuma shi ne keɓaɓɓen yankin Al'ummu Shida da ke kusa da garin Brantford a lardin Ontariyo, inda mahaifiyar Robertson ta girma.

Ba za a gane tarbiyyar da ta yi wa ɗanta ba sai an san dokokin da ita kanta ta tashi a ƙarƙashinsu. Dokar Indiyawa ta Kanada, wadda aka kafa a 1876, ita ce ke yanke hukuncin wanda za a lissafa a ɗan asalin ƙasa, kuma ta tanadi cewa macen da ta auri wanda ba ɗan asalin ƙasa ba ta rasa matsayinta, ita da 'ya'yanta, tanadin da ba a soke ba sai a 1985. Wannan ya ci karo kai tsaye da al'adar Haudenosaunee, inda ɗa ke bin dangin uwa, inda kuma manyan mata ne ke zaɓen sarakuna su kuma tuɓe su idan sun kauce hanya. A 1924 gwamnati ta tura 'yan sanda suka kawar da majalisar gargajiya ta Al'ummu Shida aka ɗora zaɓaɓɓiyar majalisa irin wadda dokar ta tsara, daga 1927 zuwa 1951 kuma an haramta tara kuɗi don ɗaukar lauya a kan rikicin filaye, kuma sai a 1960 'yan asalin ƙasa suka sami damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun yar da matsayinsu ba. A garin Brantford ɗin nan akwai makarantar kwana mai suna Mohawk Institute, ɗaya daga cikin makarantun da coci da gwamnati suka gudanar don raba yara da iyayensu da harshensu, wadda ba a rufe ta ba sai 1970. Robertson ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa mahaifiyarsa ta hore shi da ya yi alfahari da asalinsa amma ya lura da wanda zai gaya wa, kuma duk wanda ya dubi waɗancan dokoki zai ga cewa shawarar ta fito ne daga uwa mai sanin halin da ake ciki, wadda ta yi aiki a masana'antar kayan ado a Toronto ta ga yadda ake kallon irinta.

Duk da haka ita ce takan kai shi yankin Al'ummu Shida lokacin hutu, kuma a can ya fara riƙe jita, a hannun 'yan'uwan mahaifiyarsa waɗanda kusan kowanensu yana da abin kiɗan da yake taɓawa, ko jita ko goge ko ganga, suna haɗa waƙoƙin karkara na Turawan Amurka da nasu na gado. A can kuma, yana ɗan shekara tara ko kusa da haka, ya ji wani dattijo cikin dogon zaure yana ba da labarin Mai Sulhu da Hiawatha, mutanen da suka bi al'ummu biyar masu gaba da juna ɗaya bayan ɗaya har suka shawo kansu suka binne makamai a ƙarƙashin itace guda, suka kafa Babbar Dokar Zaman Lafiya. Ya ce abin da ya kama zuciyarsa shi ne yadda dattijon ya riƙe taron da murya kaɗai, kuma tun ranar ya ƙudura zai zama mai ba da labari. Ana iya zargin mutum da ƙawata yarintarsa bayan ya manyanta, amma a nan waƙoƙin da kansu suna gaskata shi, domin kusan duk fitacciyar waƙar da ya rubuta labari ce mai mutum a ciki, mai wuri da lokaci, a zamanin da takwarorinsa suka fi karkata ga waƙar soyayya ko ta mafarkin maye.

Akwai wani sirrin kuma a gidan, wanda bai sani ba sai da ya fara tasawa iyayensa suka rabu: James Robertson, wanda yake amsa sunansa, ba shi ne ya haife shi ba, mahaifinsa na jini wani Bayahude ne mai suna Alexander Klegerman, ɗan caca, wanda mota ta kaɗe ya rasu tun yaron bai san shi ba. Saboda haka ya shiga duniyar kiɗa da asali biyu, kowanne daga al'ummar da ta san tsangwama, kuma babu ɗayansu da sunansa ke nunawa.

Yana ɗan shekara 16 ya bar Toronto ya tafi jihar Arkansas don shiga ƙungiyar Ronnie Hawkins, mawaƙin rok, wato kiɗan samari mai zafi da ya tsiro daga kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka. A nan ya haɗu da Levon Helm, makaɗin ganga ɗan manoman auduga, daga baya Rick Danko da Richard Manuel da Garth Hudson, dukkansu 'yan Ontariyo, suka shigo. Bayan sun rabu da Hawkins sun raka Bob Dylan a rangadinsa na 1965 da 1966, lokacin da Dylan ya fara amfani da jita mai lantarki, masoyansa na da suka ɗauki hakan cin amana suna yi musu ihu daga gari zuwa gari, har Helm ya gaji ya bar rangadin. A 1967 wasunsu suka tare a wani gida mai launin hoda kusa da Woodstock, inda suka yi ta ɗaukar waƙoƙi tare da Dylan a ɗakin ƙasa, kuma daga nan suka fito da sunan The Band da faifansu na farko, Music from Big Pink, a 1968. A cikin murfin faifan suka sa hotonsu tare da danginsu a wata gona, a shekarar da samarin Amurka ke tinƙaho da bijire wa iyaye, kuma kiɗan nasu mai natsuwa ya yi tasirin da makaɗi Eric Clapton ya ce yana cikin abin da ya sa ya bar ƙungiyarsa ta Cream.

Tsarin ƙungiyar yana da muhimmanci ga wannan nazari, domin Robertson ne ke rubuta mafi yawan waƙoƙin amma ba safai yake rerawa ba, Helm da Danko da Manuel ne masu murya, shi kuwa yakan auna kowace waƙa da maƙogwaron wanda zai ɗauke ta. Idan aka jera mutanen da ya sa wa magana a baki za a ga sun yi kama da juna. A faifai na biyu, na 1969, akwai manomin da fari da gobara suka durƙusar har ya rataya begensa ga ƙungiyar ƙwadago, akwai kuma waƙar The Night They Drove Old Dixie Down, inda wani talakan Bature na kudancin Amurka ke ba da labarin yunwa da rashin ɗan'uwa a ƙarshen yaƙin basasa a 1865. A 1975 ya rubuta Acadian Driftwood a kan Akadiyawa, masu jin Faransanci da Birtaniya ta fara kora daga gabashin Kanada a 1755, wasunsu suka ƙare a Luwiziyana. Jigon duk ɗaya ne, mutanen da manyan dauloli suka yi yaƙi a kansu, aka sa hannu a takarda a wani wuri mai nisa, suka wayi gari ba su da ƙasa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sami kakannin mahaifiyarsa a 1783. Bai dace a ce ya yi hakan da gangan a matsayin ɓad-da-kama ba, domin babu shaidar haka, amma da wuya a yarda cewa yaron da ya ji tarihin Kogin Grand daga bakin masu shi ya yi ta komawa ga wannan jigo bisa katari kawai.

Waƙar yaƙin basasar ta jawo muhawara da ta ƙaru da shekaru, musamman bayan mawaƙiya Joan Baez ta rera ta a 1971 ta shiga sahun gaba a kasuwar Amurka. Masu suka suna cewa ta nemi tausayi ga ɓangaren da ya yi yaƙi don riƙe bayi, ba ta kuma ambaci bayin ba, kuma sukar tana da nauyi, domin marubucin da ya san ciwon shafe mutane daga labari ya shafe wasu a nan. Abin da za a iya faɗa a madadinsa shi ne mai maganar cikin waƙar talaka ne da bai amfana da yaƙin da komai ba, kuma waƙar kuka ce a kan hasara, babu kirari a cikinta. Muhawara ta biyu ta fi ɗaci, domin ta cikin gida ce. Helm, a littafinsa na 1993, ya zargi Robertson da mallake haƙƙin waƙoƙin da a ganinsa tare aka gina su, kamar 'yan gandu da suka yi noma tare ranar girbi aka ce rumbun na mutum ɗaya ne. Doka tana ba wanda ya rubuta kalmomi da karin waƙa kuɗin haƙƙi, ba ta lissafa gudummawar wanda ya ba waƙar murya da lafazi da labaran garinsu, kuma a wannan giɓi ne abotar ta mutu. Robertson ya tsaya a kan cewa shi ya rubuta, ya kuma ziyarci Helm a asibiti gab da rasuwarsa a 2012, amma ba a taɓa warware maganar ba.

Ranar 25 ga Nuwamba 1976 ƙungiyar ta yi wasan bankwana a zauren Winterland na San Faransisko, wanda Martin Scorsese ya ɗauka ya fitar a matsayin fim mai suna The Last Waltz a 1978. Daga nan Robertson ya zama mai tsara kiɗan finafinan Scorsese, tun daga Raging Bull na 1980, kuma ya yi shekara 11 bai fitar da faifai da sunansa ba. Da ya fitar a 1987, shekara guda bayan mutuwar Manuel, sai ga alamun asalinsa sun fara leƙowa, har da waƙa a kan wani saurayi ɗan asalin ƙasa da aka ɗauka aikin soja zuwa Biyetnam, sai dai har a nan suna cikin siffofi da ishara.

Abin da ya sauya a tsakani ya fi mutum ɗaya girma. A 1990 hukumar garin Oka a lardin Kebek ta amince a faɗaɗa filin wasan golf zuwa cikin kurmin da Mohawk na Kanehsatake ke da maƙabarta a ciki, mutanen suka tare hanya, aka yi arangama da 'yan sanda har jami'i ɗaya ya mutu, aka turo sojoji, aka yi kwana 78 ana kallon-kallo a gaban kyamarorin talabijin. Bayan wannan babu ɗan Kanada da zai ce bai san akwai Mohawk masu rai masu da'awar ƙasa ba. Shekara biyu bayan haka cikar shekara 500 da isowar Kolumbus ta tayar da muhawara a duk nahiyar kan wanda ke da ikon ba da tarihin. A cikin wannan yanayi ne Robertson ya karɓi aikin kiɗan wani dogon shirin talabijin kan tarihin 'yan asalin Amurka, wanda ya zama faifan Music for The Native Americans na 1994. Ya tara mawaƙa daga al'ummu daban-daban, da suka haɗa da mata uku na ƙungiyar Ulali, da Kashtin masu waƙa da harshen Innu, da Rita Coolidge, ya kuma rubuta waƙa kan Rawar Ruhohi, wato harkar addini da ta bazu a ƙarshen ƙarni na 19 wadda tsoronta ya kai sojojin Amurka ga kisan gillar Wounded Knee a 1890.

Faifan 1998, Contact from the Underworld of Redboy, shi ne ya fi ƙarfin hali. Ya haɗa kiɗan na'ura irin na gidajen rawa na Landan da muryoyin mata mawaƙa na Al'ummu Shida da waƙar maƙogwaro ta matan Inuit, ya sa waƙa kan koyarwar Handsome Lake, malamin Seneka da ya fara wa'azi a 1799 yana hana mutanensa giya, ya kuma ɗauki muryar Leonard Peltier ta waya daga kurkuku. Peltier ɗan gwagwarmaya ne da aka ɗaure a 1977 bisa kisan jami'ai biyu na hukumar bincike ta FBI a yankin Pine Ridge, hukuncin da magoya bayansa suka daɗe suna cewa an gina shi kan gurɓatacciyar shaida, kuma sai a Janairu 2025 Shugaba Biden ya sassauta shi zuwa ɗaurin talala a gida. Sanya irin wannan murya a faifan babban kamfani ya nuna nisan da aka yi daga shawarar uwa ta lura da wanda za a gaya wa.

Waɗannan faifai biyu suna da rauninsu, kuma girmama mai su bai hana a faɗa ba. Haɗa waƙoƙin al'ummu masu harsuna da addinai mabambanta a tukunya ɗaya yana iya ƙarfafa tunanin da Turawa suka daɗe da shi cewa 'yan asalin nahiyar duk abu guda ne, alhali tsakanin Inuit na ƙanƙarar arewa da Cheroki na kudu akwai nisa mai yawa. Shi kansa da Turanci yake waƙa, a matsayin ɗan birni da ya dawo yana tambaya, kuma wani lokaci kwalliyar na'ura takan danne muryoyin da aka gayyato. Amma ya buɗe ƙofar da ba kowa ke da mabuɗinta ba, domin sunansa ne ya kai waɗancan mawaƙa kunnen da ba za su kai ba a lokacin. Faifan 1998 ya ci kyautar Juno ta Kanada a rukunin kiɗan 'yan asalin ƙasa, rukunin da aka ƙirƙira a 1994, kyautar Grammy ma ta buɗe irin wannan rukuni a 2001 kafin ta narkar da shi cikin wani bayan shekara goma, a 2002 kuma ya yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Salt Lake City tare da al'ummu biyar na jihar Utah. Matasan da suka biyo baya, irin su ƙungiyar da ta fara da sunan A Tribe Called Red ta koma The Halluci Nation, wadda ɗaya daga cikin jagororinta Mohawk ne na Al'ummu Shida, sun fara sana'arsu ne da bayyana asalinsu tun ranar farko, suna haɗa gangar taron rawa na gargajiya da kiɗan na'ura ba tare da neman izinin kowa ba.

A 2015, shekarar da Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Kanada ta kammala rahotonta kan makarantun kwana, inda ta ce kimanin yara 150,000 ne suka bi ta cikinsu ta kuma kira tsarin kisan kiyashin al'ada, Robertson ya wallafa littafin yara mai suna Hiawatha and the Peacemaker, wato labarin da ya ji a dogon zaure sama da shekara 60 kafin nan. Aikinsa na ƙarshe shi ne kiɗan fim ɗin Scorsese, Killers of the Flower Moon, kan yadda aka yi ta kashe mutanen Oseji na jihar Oklahoma a shekarun 1920 don a gaje arzikin man fetur da ke ƙarƙashin ƙasarsu. Ya gina kiɗan a kan bugun ganga mai nauyi da jita irin ta bulus, kiɗan baƙin ciki na baƙaƙen fatar kudu wanda ya koya tun yana saurayi a Arkansas, ta yadda rabi biyu na sana'arsa suka haɗu a aiki guda. Ya rasu wata biyu kafin a saki fim ɗin a gidajen kallo, aka sadaukar da shi gare shi, aka kuma sa sunansa cikin 'yan takarar kyautar Oska a 2024. Iyalansa sun roƙi masu ta'aziyya su aika gudummawa ga Al'ummu Shida don sabon ginin Cibiyar Al'adu ta Woodland, wadda aka kafa a 1972 a harabar tsohuwar makarantar Mohawk Institute, inda yanzu ake koyar da harsunan da a da ake dukan yara don sun furta su.

Sauyin da ya samu muryar makaɗa bai kai ga ƙasar ba tukuna. Al'ummu Shida sun shigar da ƙara a 1995 suna neman gwamnatocin Kanada da Ontariyo su ba da lissafin filayen Haldimand da kuɗaɗen da aka ce an ajiye musu amana, kuma har Robertson ya rasu ba a yanke hukunci ba. A 2006 rikici ya ɓarke a garin Caledonia kan wani filin da ake shirin gina gidaje a kai, ya sake tashi a 2020 a wani fili da ke kusa, duka biyun a cikin mil shidan da aka yi alkawari a 1784.